Me ake nufi da "glimmer", kuma yaya ake faɗarta da Hausa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni sabon ma'aikaci ne a sashen fassarar labarai na wani gidan rediyo. Kwanan nan aka ba ni labarin wani yajin aiki, a ciki akwai jimlar da ta ce *the talks offer a glimmer of hope*. Na duba ƙamus na ga *glimmer* haske ne marar ƙarfi, sai na rubuta 'tattaunawar ta kawo ƙyallin fata'. Editanmu ya ja layi a kai ya ce wannan ba Hausa ba ce, amma bai tsaya ya yi mini bayani ba. Don Allah mece ce ainihin ma'anar kalmar, kuma mene ne bambancinta da *gleam* da *glitter* da *shimmer*? Sannan na ga 'yan TikTok suna ta cewa *glimmers*. Ita ce ko wata ce daban?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa aikin albarka. Tambayarka uku ce a dunƙule: ma'anar kalmar, yadda za a raba ta da danginta masu kama da ita, da kuma yadda za a faɗe ta da Hausa ba tare da an yi wa mai sauraro gwaranci ba. Editanka yana da gaskiya, ƙamus ɗin ma bai yi maka ƙarya ba. Ya dai ba ka rabin zancen ne, don ƙamus ba shi da fili. Kafin komai ma, ka sake duba abin da ka rubuta. A bisa takarda, fata ta sa rai da fata ta jiki rubutunsu ɗaya ne, karin sauti ne kawai ya raba su. Mai karanta labarai da ke sauri, in ya ci karo da "ƙyallin fata", tallan man shafawa ne zai fara zuwa masa a rai. Wannan kaɗai ya isa a soke jimlar.

Hasken da kalmar take nufi

Ka ɗauka kana cikin mota da dare a hanyar daji, babu farin wata, an daɗe ba a wuce gari ba. Can nesa sai ka hango ɗan haske. Ya ɓace bayan bishiya, ya sake bayyana, ya dushe kamar zai mutu, ya kuma dawowa. Ba ka san ko fitilar mai shayi ba ce ko wutar makiyaya. Abin da Bature zai kira *glimmer* ke nan. In motar ta ƙaraso ka tarar ashe ƙwan sola ne ya haske rumfar tar, to kalmar ta daina aiki, sai a nemi wata.

Abu uku ke cikin wannan hoton. Hasken yana da rauni. Bai tsaya cak ba, yana ɗan rawa. Na ukun shi ne wanda ƙamus ba ya cika faɗa, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci: duhu ne ya fi yawa a wurin. Kalmar tana tafe da duhunta. Ba a cewa fitila tana *glimmer* da tsakar rana, ba a kuma faɗar haka ga fitilun filin wasa. Duk lokacin da marubuci ya zaɓe ta, yana gaya maka abu biyu a lokaci guda, cewa akwai haske, kuma cewa hasken bai taka kara ya karya ba. Yawanci ma akwai nisa tsakanin mai kallo da abin da yake kallo, shi ya sa za ka riƙa ganinta tare da *faint* da *distant* da *first* da *last*.

Turawan Ingila suna yawan amfani da ita ga hasken asuba da na almuru, kuma a can waɗannan lokuta suna da tsawo. Landan tana wajen digiri 51 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuwa wajen 12. A nan rana tana faɗuwa, kafin a idar da magariba a gama azkar duhu ya shigo. A Landan cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, kuma daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli sararin sama ba ya yin baƙi ƙirin, ana barin wani ɗan haske dishi-dishi a gefen arewa. Ba ina cewa wannan ne ya haifi kalmar ba. Ina nuna maka irin abin da mai harshen yake gani ne idan ya furta ta.

Inda ta samo asali

Kalmar ta bayyana a rubuce cikin Ingilishin ƙarni na 14, a matsayin aikatau, ana rubuta ta *glimeren*. Da farko tana iya nufin haske mai ƙarfi, daga baya ma'anar ta yi sanyi ta tsaya ga mai rauni. Danginta suna nan a harsunan da suka haɗa kaka da Ingilishi, kamar *glimmern* a Jamusanci da *glimra* a harshen Suwidin. A cikin Ingilishin kansa, tushenta ɗaya da *gleam* da *glimpse*.

Ka lura da wutsiyarta, wato *-er*. A kalmomi da yawa wannan wutsiya tana nuna aikin da ake ta maimaitawa ƙanana-ƙanana: *flicker*, *shimmer*, *glitter*, *stutter*, *chatter*. Mu ma muna da dabarar, sai dai mu ninka kalmar muke yi. Buga ta zama bubbuga, ƙyalli ya zama ƙyalƙyali. To rawar da na ce hasken yana yi tana cikin ƙirar kalmar tun asali.

Kan kalmar ma yana da labari. Ingilishi yana da tarin kalmomin haske da gani da suka fara da *gl*, irin su *glow*, *glare*, *glint*, *glisten*, *gloss*. Har *glad* da muka sani da farin ciki, a tsohon Ingilishi tana ɗauke da ma'anar haske. Masanin harshe ɗan Ingila J. R. Firth ya raɗa wa irin wannan gungun sauti suna a 1930, ya kira shi *phonestheme*, wato sautin da ke jan ma'ana alhali shi kansa ba kalma ba ne. Ba doka ba ce, don *glue* da *globe* da *glove* babu ruwansu da haske. Ni dai na daɗe ina ganin muna da irinsa a "ƙy": ƙyalli, ƙyalƙyali, ƙyasta ashana, ƙyalla ido, ƙyaftawa. Amma ga ƙyaure da ƙyanda da ƙyale nan suna kallonmu, su ma babu ruwansu.

Ita da danginta

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce *gleam*, kuma nan ne ya kamata ka fi mai da hankali. *Gleam* haske ne mai natsuwa, ba ya rawa, kuma sau da yawa daga jikin abu mai tsabta ko wanda aka goge yake fitowa. Jeren kwanuka a ɗakin amarya, motar da aka wanke aka goge, haƙoran da suka sha asuwaki, shaddar da ta dawo daga bugu. Wannan shi ne sheƙi a wajenmu. Yana tafe da jin daɗi da gamsuwa, babu zullumi a cikinsa. *Glimmer* kuwa kullum da ɗan zullumi, don ba ka da tabbas hasken zai ɗore. In ka ce falon wani yana *gleam*, ka yabi matar gidan. In ka ce yana *glimmer*, mai sauraro zai ɗauka an ɗauke wuta ne ana fama da kyandir.

*Glitter* ita ce ƙyalƙyali ko walwali, wato ɗimbin ƙananan haske masu ƙarfi suna wal-wal lokaci guda, kamar leshi mai duwatsu a wurin biki ko sarƙar gwal. Ƙarfinta ya raba ta da kalmarka, kuma Turawa kan yi amfani da ita da habaici ga abin da kyansa na ɗan maciji ne. "Ƙyalli" da ka zaɓa ya fi karkata zuwa nan, shi ya sa jimlarka ta fito da walwala fiye da yadda marubucin ya nufa.

*Shimmer* ta fi kusa da *glimmer* wajen laushi da rawa, amma ita a shimfiɗe take bisa faɗin wani abu. Hasken wata a kan ruwan tafki, ko siliki in mai shi ta motsa, ko kawalwalniyar da ke rawa bisa kwalta cikin zafin Afrilu. Ka ga na ƙarshen nan da rana tsaka ne, abin da ke nuna maka ita ba ta bukatar duhu. *Glimmer* ɗigo ce a cikin duhu, *shimmer* fili ne.

Sauran ba za su ba ka wahala ba. *Glow* hasken garwashi ne, mai ɗumi, marar harshe. *Glint* ƙyalli ɗaya ne mai kaifi daga wuƙa ko gilashi, ƙyas ya wuce. *Glisten* na abu mai danshi ne, kamar gumi a goshi. *Glare* shi ne wanda ke kashe ido, irin na direban da ya dalle ka da babbar fitila. *Flicker* ta harshen wutar da iska ke kaɗawa ce, kuma tana iya maye gurbin kalmarka a wurare da dama, sai dai ita ta fi nuna gajartar lokaci.

Kada ka ɗauki waɗannan iyakoki kamar katanga. Masu harshen kansu suna tsallakawa, musamman mawaƙa da marubutan ƙagaggun labarai, za ka ga *gleam of hope* a tsofaffin rubuce-rubuce inda ɗan jaridar yau zai sa *glimmer*. Abin da na ba ka shi ne inda kowace kalma ta fi zama.

Jimlar da ta ba ka wahala

A aikin jarida, da wuya ka haɗu da kalmar nan tana maganar haske na zahiri. Kusan kullum a aron ma'ana take zuwa, kuma *a glimmer of hope* ya fi kowanne yawa. Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan jimla labari ne marar daɗi da aka ɗiga masa ɗan sauƙi. Wanda ya rubuta ta yana cewa al'amari ya lalace, amma ƙofa ba ta rufe ruf ba.

Tunda na san samarinmu da ƙwallo, ga misali. Ranar 25 ga Mayu 2005, a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a Istanbul, AC Milan ta tafi hutun rabin lokaci tana cin Liverpool 3 da nema. A minti na 54 Steven Gerrard ya farke ɗaya da ka. Wannan lokacin, ana 3 da 1, shi ne daidai wurin kalmar. Har yanzu Milan ce da wasa, mai hankali ba zai sa kuɗinsa a kan Liverpool ba, amma magoya baya sun ɗago kai. Da Vladimir Smicer ya ƙara a minti na 56, abin ya fara wuce haka. Da Xabi Alonso ya rama ta ukun a minti na 60, duk mai sharhin da ya sake cewa *glimmer* bai san aikinsa ba. Liverpool ta ɗauki kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida, amma ka lura kalmar ba ta yi alkawarin haka ba. Da an tashi 3 da 1, da amfani da ita ya kasance daidai.

Turawa suna da matakai a nan. *A ray of hope* ya ɗara ta ƙarfi, don shi haske ne da ya keto kai tsaye. *A beacon of hope* ya fi su duka, ana faɗarsa ga mutum ko wuri da jama'a suka dogara da shi. In wakili ya bar waɗannan ya ɗauki mafi ƙanƙanta, da gangan ya yi, kuma aikinka ne ka kai wa mai sauraro ƙanƙantar. A labarin yajin aiki wannan ba wasa ba ne. Uban da 'ya'yansa ke zaune a gida yana jin rediyo, in ka ce masa "haske ya bayyana" zai fara neman kuɗin mota. Ka ba shi fiye da abin da ke cikin takardar.

To yaya za a ce? Shawarar da nake ba duk wanda na koya wa fassara ita ce ya ajiye hasken gefe tukuna, ya tambayi kansa yadda Bahaushe ke faɗar wannan hali in yana ba maƙwabcinsa labari. Zai ce "an ɗan fara sa rai". Zai ce "akwai 'yar alamar za a daidaita". Zai ce "ba a dai fid da rai ba tukuna". Ni na fi son na ƙarshen nan a labarai masu nauyi, irin na waɗanda gini ya rufta wa ko marar lafiya da ke kwance rai a hannun Allah, domin korewar da ke cikinsa tana riƙe da duhun da na ambata. Jimlarka kuwa zan rubuta ta haka: "Tattaunawar ta sa an ɗan fara sa ran za a sasanta, ko da yake da sauran tafiya." Kalmar "ɗan" ita ke ɗauke da kayan, kada ka bari a yanke ta don rage tsawo. In kana son ka riƙe hoton hasken, "an fara hango ɗan haske a lamarin" Hausa ce karɓaɓɓiya, kuma "hango" ta kawo maka nisan kyauta.

Ba da fata kaɗai take tafiya ba. Ana haɗa ta da abubuwan da ke ɗan bayyana a fuska ko a zuciya. *A glimmer of a smile* shi ne ɗan guntun murmushi. *A glimmer of recognition* ana faɗarsa ga tsoho ko majinyaci da ya dube ka ya yi kamar ya gane ka. *A glimmer of interest* shi ne ɗalibin da ya ɗan ɗago kai bayan ya yi ta hamma. Tana kuma da ƙarfi sosai a korewa. In rahoton kotu ya ce wanda ake tuhuma ya tsaya *without a glimmer of remorse*, kai ka ce ko alamar nadama babu a fuskarsa, ko kuma ko a jikinsa. Mu ma muna yin irin wannan da "ko ƙyallinsa ban gani ba", inda ake ɗaukar mafi ƙanƙantar gani a kore shi don a kore komai.

In kuwa hasken na gaske ne, kamar a fassarar labari, to ƙyalli na iya shiga, matuƙar ka ba shi 'yan rakiya: "ya hango ƙyallin fitila can nesa". *The first glimmer of dawn* shi ne ketowar alfijir, ko ka ce gari ya fara haske, ko da jijjifi. *The last glimmer of daylight* shi ne sauran hasken almuru. Hausar Kano nake ba ka. Mutumin Sakkwato ko Damagaram na iya samun abin da ya fi zama daidai a kunnen mutanensa, kuma in masu sauraronka can suke, nasu ya fi nawa.

In kai ne za ka rubuta ta da Ingilishi

Tana zuwa suna, tana zuwa aikatau. A suna ana ƙirga ta, don haka sai da *a* a gabanta, jam'inta *glimmers*. A aikatau ba ta ɗaukar karɓau, wato abu ne ke yin ta da kansa. *A lamp glimmered in the distance* daidai ne. *He glimmered the torch* kuskure ne da nake yawan gani a takardun ɗalibai, abin da suke nufi shi ne *shone* ko *flashed*. Kuskure na biyu shi ne a yi mata ado da babbar sifa, a rubuta *a bright glimmer* ko *a great glimmer of hope* don a burge mai duba jarrabawa. Sifar tana faɗa da sunan. In kana son ƙari, ta ƙasa ake ƙarawa, a ce *faint* ko *small* ko *the slightest*. Kuma gaskiya jimlar fatan nan ta sha jiki a jaridu, har editocin Turawa wasu suna ganinta tsohon yayi. In kana da wata hanyar faɗa, bi ta.

Wajen furuci, gaɓa biyu ce, ƙarfin yana kan ta farko, wasalin gajere. Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa za ka ji ana cewa "gilima". Yi ƙoƙari ka manna *g* da *l*. Yawancin mutanen kudancin Ingila ba sa furta *r* ɗin ƙarshe, Amurkawa suna furtawa, duka daidai ne. Ka kuma kiyaye kada ka haɗa ta da *glamour*, wadda ke nufin ƙawa da burgewa. Wannan daga Sukotland ta fito, kuma asalinta gurɓatacciyar *grammar* ce, tun zamanin da ake ganin mai ilmin littafi kamar mai sihiri. Ita kuwa *glimpse*, 'yar'uwarta ta jini, yanzu gani take nufi na ɗan lokaci, abin da za mu ce "na ga gilmawarsa". Kamar da ke tsakanin gilma da kalmomin nan dace ne kawai, babu dangantaka, amma tana taimaka wa ɗalibai su tuna.

Ta 'yan TikTok

Kalmar ce dai, an ba ta sabon aiki. Wata Ba'amurkiya mai aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, Deb Dana, ita ta yi amfani da ita haka a littafinta na 2018 da ta gina kan ra'ayin wani masani mai suna Stephen Porges game da yadda jijiyoyin jiki ke gane aminci da haɗari. A fagensu akwai kalmar *trigger*, wato ɗan abin da ke tayar wa mutum da tsohon tashin hankali, kamar ƙarar da ta yi kama da harbi ga wanda ya taɓa tsira daga hari. Sai ta kira kishiyarsa *glimmer*: ɗan ƙaramin abu da ke sanyaya zuciya na ɗan lokaci, kamar ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ko dariyar jariri, ko muryar wani naka. Daga baya kafafen sada zumunta suka ɗauka suka yaɗa.

Za ka gane wannan ma'anar da ƙirar jimla. Tana zuwa ita kaɗai, yawanci a jam'i, babu *of* a bayanta, kamar a ce *look for glimmers*. Ka ga har yanzu ba ta rabu da halinta ba, ƙaramin abu ne a cikin hali mai nauyi. Ingancin ra'ayin da ke ƙarƙashinta kuwa ba fagena ba ne, akwai masana da ke jayayya da shi, don haka in ta zo maka a shirin lafiya ka danganta maganar ga masu ita. Kada ka ƙirƙiro mata suna guda. Ka ce "'yan ƙananan abubuwan da ke sanyaya rai", ka ba da misali ɗaya, sannan ka bar likitan da aka gayyato ya ci gaba da bayani.